Mai Ba Da Shawara Ma Yana Buƙatar Maigida: Darasi Daga Zangon Kwatano

Babu ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa da zai ɗauko yaro daga ƙauye, ya yi masa bayanin kwana biyar, sannan ya danƙa masa makullin shago da littafin bashi, shi kuma ya kama hanyar Legas. Kowa ya san yadda ake yi. Yaro zai zauna gaban maigida shekara da shekaru, yana kallon yadda ake taya kaya, yadda ake sallamawa, da yadda ake gane mai saye na gaskiya da wanda ya zo latsawa kawai. Ko bayan an bar masa shagon, duk dare sai an zauna an yi lissafi. In ya yi daidai a sa masa albarka, in ya kauce a gyara masa tun ɓarnar ba ta yi nisa ba.

To, abin mamaki shi ne, abin da ba za mu yarda a yi da buhun shinkafa ba, shi ake yi da zukatan mutane. Sau da yawa akan tara ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman makaranta da 'yan sa-kai a ɗakin taro, a yi masu bita ta 'yan kwanaki a kan yadda ake sauraron mai damuwa a ba shi shawara, a raba masu takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Daga ranar ba mai sake tambayar su yadda aikin ke tafiya. Wannan giɓin ne ya sa masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka mai da hankali ga horar da wani rukuni na musamman, wato masu duba aikin masu ba da shawara. Maganar kuwa ta shafi mutanen Zangon Kwatano da duk masu neman abinci a kasuwannin kan iyaka.

Nauyin da ke kan mutanen boda

Wanda ya san Kwatano ya san Zango, unguwar babban masallaci, inda Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da sauran baƙi suka daɗe suna sauka. Daga nan jama'armu suka bazu zuwa sauran unguwanni irin su Zogbo, kowa da sana'arsa: canjin kuɗi, dabbobi, albasa, atamfa, gwanjo, da motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa. Duk wannan hada-hada a kan iyaka ta rataya, ita kuwa iyaka ba a hannun ɗan kasuwa take ba.

A watan Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin baki ɗaya, ba a sake buɗe Seme ba sai a Disamban 2020. A Yulin 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi dogon layi, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren a waccan shekara. A Satumban 2023 kuma gobara ta tashi a wani rumbun fetur a Seme-Krake, mutum fiye da 30 suka rasu. Ga kuma faɗuwar darajar naira a gaban sefa, wadda ta cinye jarin mutane da dama suna ji suna gani.

Asarar kuɗi ana iya lissafa ta. Abin da ba ya shiga littafi shi ne magidancin da barci ya ƙaurace wa idonsa saboda kuɗin mutane da ke kansa, da matar da mijinta ya tafi ya bar ta da yara a ƙasar da ba tata ba, da matashin da ya fara shan tiramol don ya jure dako har ya kai ba ya iya tashi sai da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, daga ciki miliyan 4.6 irin su tiramol da kodin suka sha. Irin waɗannan mutane na buƙatar wanda zai saurare su da ilimi da amana.

Su wa ke sauraro?

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna cewa a nahiyar Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin adadi a duniya 13 ne. A Nijeriya ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa 'ya'yanta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. A Kwatano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na ƙasa da aka fi sani da Jacquot, a wajen Fidjrosse, kamar yadda Kano ke da Dawanau, Sakkwato ke da Kware, Kaduna ke da Barnawa. Amma kowa ya san ba a kai mutum irin waɗannan wurare sai abu ya ta'azzara, kuma da yawa gudun sunan suke yi. Saboda haka yawancin aikin sauraro yana hannun waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba.

Mutanen boda sun ga misalin haka da idonsu. A 2002 ƙasashe biyar, wato Kodebuwa da Gana da Togo da Benin da Nijeriya, suka kafa ƙungiyar hanyar Abijan zuwa Legas, wadda ake kira OCAL da Faransanci, hedikwatarta kuma a Kwatano. A 2003 Bankin Duniya ya ba ta tallafin dala miliyan 16.6 don yaƙi da ƙanjamau a wannan hanya mai tsawon kilomita 1,022. Aka buɗe wuraren gwaji da ba da shawara a garuruwan iyaka irin su Seme da Krake, da Hilakonji, da Aflawo, aka horar da direbobi da mata 'yan kasuwa su wayar da kan 'yan uwansu. A nan ne da yawa daga cikinmu suka fara ganin wani aiki wai shi ba da shawara, inda za a keɓe da mutum a ɗaki kafin gwaji da bayan gwaji. Mai karatu ya auna nauyin da ke kan ma'aikaciyar da za ta gaya wa mutum uku a yini ɗaya cewa suna ɗauke da cutar, sannan ta koma gida ta ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru.

Misali na biyu shi ne na Grégoire Ahongbonon, ɗan ƙasar Benin da ya tafi ci-rani Kodebuwa a 1971 yana facin taya. Ya samu, har ya sayi motocin haya, daga baya ya karye ƙwarai, har ya sha faɗa da bakinsa cewa ya yi tunanin kashe kansa. Bayan ya farfaɗo ne ya kafa ƙungiyar Saint Camille a garin Buwake, yana ɗauko masu taɓin hankali daga titi, yana kwance waɗanda aka ɗaure da mari. A 2004 ƙungiyar ta buɗe cibiya a Avrankou kusa da Porto-Novo, daga baya ta buɗe a Bohicon da Jugu, tsohon zangon fataken goro a hanyar Gwanja. Ƙungiyar ta mabiya ɗariƙar Katolika ce, amma tana karɓar kowa. Da yawa daga cikin ma'aikatanta tsofaffin majinyata ne da suka warke, wasu ma aka tura su karatun jinya.

Duka misalan biyu sun tabbatar da cewa mutum na iya taimakon ɗan uwansa ko da bai yi shekara goma a jami'a ba. Sai dai sun bar mana tambaya: idan irin wannan ma'aikaci ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa, wa zai tunkara?

Mene ne aikin mai duba aiki?

Da farko ya kamata a bambanta shi da shugaban ofis, mai duba rajistar zuwa aiki da sa hannu a takardar hutu. Mai duba aikin da muke magana a kai ƙwararre ne da ya daɗe yana ba da shawara, wanda ke zama da ƙananan ma'aikata a kan kari, mako-mako ko wata-wata, suna kawo masa matsalolin da ke hannunsu ba tare da ambaton sunan kowa ba, ana tattaunawa.

Abin ya samo asali tun 1920 a wata cibiya da ke birnin Berlin na Jamus, inda aka shar'anta cewa mai koyon jinyar zuciya ba zai karɓi majinyaci ba sai da babba mai bin sawun aikinsa. A 1976 wani malamin jami'a a Amurka, Alfred Kadushin, ya kasa aikin gida uku, kuma har gobe a kan wannan rabo ake tafiya. A Ingila, babbar ƙungiyar masu ba da shawara ta wajabta wa waɗanda ta tantance su zauna da mai duba aikinsu aƙalla awa ɗaya da rabi a kowane wata, komai daɗewarsu a aiki.

Kashi na farko shi ne tsare ƙa'ida, don kare wanda ya kawo kukansa. Shin ana riƙe sirri? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shin mai shawara bai fara karɓar kyauta ko cin bashi wurin wanda yake taimako ba? Shin ya san iyakarsa? Akwai alamomin da in an gan su magana ta ƙare, sai asibiti: mutum ya ce zai kashe kansa ko wani, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko mai jego ta daina barci tana ƙin jaririnta, ko mashayi ya fara karkarwa da fizge-fizge bayan ya daina sha.

Kashi na biyu shi ne koyarwa. Babban kuskuren sabon mai shawara shi ne yawan magana. Mu a al'adarmu da an kawo kuka sai mu ce a yi haƙuri, mu jero nasiha, mu sallami mutum. Haƙuri abu ne mai kyau, amma in aka yi saurin faɗarsa yakan rufe bakin mai magana tun bai kai ga ainihin abin da ke cin sa ba.

Bari mu buga misali. A ce wata matashiyar nas ta zo wurin babbar da ke duba aikinta ta ce, “Anti, akwai wani dattijo ɗan kasuwa, sau uku yana zuwa da ciwon kai da rashin barci. Na auna jininsa lafiya lau. Na ce masa ya rage tunani.”

Sai babbar ta ce, “Madalla da kika auna. To da kika ce ya rage tunani, me ya ce?”

“Ya ce to, ya tashi.”

“Kin tambaye shi tunanin mene ne?”

“Anti, sa'an babana ne, na ji nauyi.”

“Na gane. Zo mu gwada, ni ce dattijon. Ki ce, Baba, in ba za ka damu ba, me ke zuwa maka a rai in ka kwanta? In kuma ya ce ya gaji da duniya, kada ki kau da kai. Ki tambaye shi a fili, cikin ladabi, ko ya taɓa tunanin cutar da kansa.”

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce sababbin ma'aikata suka fi tsoro, suna ganin kamar za su sa wa mutum abin a rai. Bincike ya nuna tambayar ba ta jawo hakan, hasali ma sau da yawa ita ke buɗe ƙofar ceto. Amma ba mai iya yin ta da natsuwa sai wanda ya gwada ta a gaban babba.

Kashi na uku shi ne kula da shi kansa mai ba da shawarar. Wanda ya wuni yana jin labarin fyaɗe da gobara da karayar arziki, dole abin ya taru a ransa. Tun 1974 wani masani a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana irin gajiyar da ke kama masu aikin taimako, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta a matsayin matsalar da aiki ke jawowa. Alamarta ita ce ma'aikaci ya fara tsawa, ya daina jin tausayi, ko ya ajiye aikin. Mai duba aiki shi ne zai hango haka da wuri, ya rage masa kaya, ko ya tura shi ma neman taimako.

Yadda ake horar da shi

Wani zai ce, to ai sai a ɗauki wanda ya fi daɗewa a ce shi ne babba. A nan ake yin kuskure. Ba kowane gwanin ciniki ne ya iya riƙon yaro ba. Akwai attajirin da duk yaron da ya zauna da shi sai ya gudu, akwai kuma mai ƙaramin jari da ya yaye mutum goma duk suka zama wani abu. Duba aiki sana'a ce mai zaman kanta, sai an koya.

A 2011 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Laura Murray ta Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka wallafa tsarin da suka yi amfani da shi a ƙasashe masu ƙarancin likitoci, kuma da kansu suka kwatanta shi da koyon sana'a a gaban maigida. Tsarin hawa uku ne. A sama akwai ƙwararren mai horarwa. A tsakiya akwai masu duba aiki 'yan ƙasa. A ƙasa akwai masu ba da shawara da ke ganin jama'a. Sun nuna cewa bita ta lokaci ɗaya ba ta isa ta sauya yadda mutum ke aiki ba, sai an bi ta da gwaji da gyara na watanni.

Ga yadda abin ke tafiya. Da farko wanda za a ɗora sai ya yi horon da sauran masu shawara suka yi, ya kuma riƙe majinyata da hannunsa, domin ba a koya abin da ba a taɓa yi ba. Sannan a ƙara masa horo na musamman a kan yadda ake jagorantar zama, yadda ake sa ma'aikata su yi kwaikwayo, wannan ya zama majinyaci wancan ya zama mai shawara, da yadda ake gyara wa mutum ba tare da an kunyata shi ba. Ana koya masa ya fara da abin da aka yi daidai, ya kama kuskure ɗaya ko biyu kawai, ya faɗi abin da ya gani da idonsa maimakon ya yanke wa mutum hukunci. Bayan haka shi ma duk mako zai yi magana da ƙwararren da ke sama da shi, ko da ta waya ce, ya ba da rahoton kowane majinyaci. A hankali ake sakar masa, kamar yadda ake sakar wa yaro shago.

Abu mafi wuya a wannan horo shi ne gina amana. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma ma'aikacin da ya saba gyara wasu ba ya son a gyara shi. In ƙaramin ma'aikaci ya ga duk kuskuren da ya faɗa zai koma kunnen mai biyan albashi, to labarin nasara kawai zai riƙa kawowa, a yi ta tafi, majinyaci kuwa yana can yana nitsewa. Shi ya sa ake son, in da hali, mai duba aiki ya zama daban da mai ɗauka da kora. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan hanya. A 2008 ta ƙaddamar da shirin mhGAP don ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da shaye-shaye, ta fitar da littafin jagora a 2010, kuma a cikin kayan horonsa akwai sashe na masu horarwa da masu duba aiki. A 2016 ta fito da wani tsarin shawara na zama biyar, kowane na minti 90, wanda wanda ba likita ba zai iya gudanarwa, bisa sharaɗin ana duba aikinsa a kai a kai. A 2022 kuma ita da UNICEF suka ƙaddamar da EQUIP, ma'aunin da mai duba aiki ke riƙewa yana kallon kwaikwayo, yana lura ko ma'aikaci ya yi abin da zai cutar, kamar zargin majinyaci ko tona sirrinsa. Wato dai an ba maigida sikeli, ba da ƙiyasi yake awo ba.

Shin abin yana aiki?

Amsar tana nan kusa da mu. A 1954, a Aro da ke Abekuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da ɗan uwansa, ma'aikatan jinya na zagayawa, likita na bin sawu. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

A ƙasar Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata masu aikin lafiya a unguwanni su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu ciwon da mutanen can ke kira yawan tunani. A gwajin da aka wallafa a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 573 a birnin Harare, bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da iyayen nan ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50. Abin da masu ba da labarin kan manta shi ne, matan ba su kaɗai suke ba. Akwai jami'an lafiya da aka horar suna duba aikinsu, a bayansu kuma akwai masana da likita da ake kira in abu ya yi tsanani.

A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke kai ziyara wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a, suna aiki tare a kan masu taɓin hankali 307, likitocin ƙwaƙwalwa kuma na duba aikin daga sama. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Wannan darasi ne babba ga Zango, inda mai damuwa ya fi saurin zuwa wurin malam kafin ya tuna da asibiti.

Ta fuskar doka ma an motsa. A 2022 Nijeriya ta yi dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin masu ba da shawara, a Janairun 2023 kuma aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Harshe da sirri

Akwai matsalar da ta keɓanci mazauna Zango. Aikin asibiti a Kwatano da Faransanci ake yin sa, a titi kuma Fon da Gun da Yarabanci suka fi yawa. Ciwon ƙafa ana iya nuna shi da yatsa, amma ciwon zuciya sai da baki. Bahaushen da ya ce zuciyarsa ta ɓaci, ko gabansa na faɗuwa, ko an yi masa sammu, ko iska ta taɓa matarsa, yana faɗin abubuwa ne daban-daban, kuma wanda bai tashi cikin harshen ba zai iya ɗaukar su duka abu ɗaya.

In aka ce a zo da tafinta, wa ake ɗaukowa? Yaron shago, ko ɗan maƙwabci, ko ƙanin miji. Yaya maigida zai faɗi a gaban yaronsa cewa jarin ya ƙare? Yaya mace za ta faɗi abin da mijinta ke yi mata a gaban ƙaninsa? A wurin da ciniki ke tafiya da amana da bashi, jita-jitar cewa wane ya samu taɓuwa ta isa ta sa a daina ba shi kaya. Don haka mutane ke gwammace su yi shiru.

Hakan na nufin ana buƙatar masu ba da shawara masu jin Hausa. Amma su ma in mai duba aikinsu ba ya jin harshen, to ba zai san abin da aka faɗa a ɗaki ba sai abin da aka fassara masa, kamar maigidan da bai iya karanta littafin shagonsa ba. Saboda haka buƙatar ta kai har hawa na biyu: 'ya'yan Zango masu Hausa da Faransanci, waɗanda suka yi karatun jinya ko ungozoma ko sanin halayyar ɗan Adam a wurare irin su Jami'ar Abomey-Calavi, su samu horon duba aiki, su zama gada tsakanin unguwa da likitocin Jacquot.

Abin da ke hannunmu

Ba sai an jira gwamnati ko Turawa ba. Mun ga yadda ayyukan tallafi ke zuwa da motoci da alluna, in kuɗi ya ƙare su naɗe tabarmarsu. Sau da yawa kuma kuɗin zaman duba aiki ne farkon abin da ake yankewa, domin ba shi da hoton da za a nuna. Alhali abin da yake ci bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai ƙofa, kuɗin mota, katin waya, da ɗan alawus na awa biyu a mako.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke tara kuɗi don jana'iza da belin ɗan uwa a hannun kwastan za su iya ɗaukar nauyin karatun yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a wannan fanni, da sharaɗin su dawo su yi wa unguwa aiki. Sarakunan Zango da limamai za su iya gayyatar ma'aikatan lafiya su zauna da malamai masu ruƙiyya da masu sulhunta aure, a fahimci juna a kan alamomin da ke buƙatar asibiti, yadda aka yi a Ibadan da Kumasi. Duk ƙungiyar da ta zo da tayin bita kuma, a yi mata tambaya tun kafin a shimfiɗa mata tabarma: bayan kun tafi, wa zai riƙa zama da waɗanda kuka horar, sau nawa a wata, kuma wa zai biya?

Kai ma mai karatu, in larura ta kai ka ko wani naka gaban mai ba da shawara, kana da haƙƙin ka tambaye shi inda ya yi horo, da wanda ke duba aikinsa, da kuma wanda zai ji maganarka bayan shi. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba, zai ma ba ka amsa a tsanake. Wanda ya ce shi ya wuce a duba shi, to a yi hattara da shi, kamar yadda ake hattara da yaron da ba ya son a buɗe littafi.

Iyayenmu fatake da suka riƙa ratsa Borgu da Jugu zuwa Salaga ba su taɓa tura ayari ba madugu ba, kuma madugun ma sai da ya bi wani shekaru kafin a ba shi jagora. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya buɗa mana hanyoyin arziki, ya kuma ƙarfafi masu ɗawainiya da damuwar jama'a.